Zauren Iyali: Akwati Biyu, Kuɗin Guda Ɗaya

A wannan fitowa zan ɗan kauce daga abin da muka saba, saboda wani saƙo da ya iso mini daga gabas mai nisa, daga wurin Baffana da ke zaune a wani ƙauyen Hausawa na jihar Jazira a ƙasar Sudan. Tambayarsa ƙarama ce a ido: akwatunan talabijin biyu aka nuna masa, kuɗin da ke hannu na guda ɗaya ne, to wanne zai ɗauka? Na nemi izininsa in kawo amsar a nan, domin na san akwai magidanta da yawa a Maraɗi da Damagaram da Katsina da ke tsaye gaban irin wannan zaɓi, kuma abin da ya dame shi bai yi nisa da abin da ke damunmu ba.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi muke da dangi a can ba, bari in taƙaita. Shekaru aru-aru hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta Sudan ta bi, kuma da yawa daga maniyyata sukan tsaya noma a hanya don neman guzuri, har zaman ya zame musu gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka sauka a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, sai Hausawa da Fulani suka ƙara kwarara domin aikin gona. Ƙanin kakana yana cikin waɗanda suka tafi da ƙafa suka tsaya a can, Baffan nan nawa kuwa ɗansa ne. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa tas take, sai ɗan Larabci da ke kutsowa nan da can.

Me ya sa dattijo ɗan shekara sama da sittin ke neman sabon akwati yanzu? Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso Jazira a watan Disamban shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani, babban birnin jihar. Baffa ya kwashi iyalinsa suka yi gudun hijira, kamar dubban maƙwabtansa. Sojojin gwamnati sun sake karɓar birnin a Janairun 2025, shi kuma da ya komo sai ya tarar da gida wayam: babu firji, babu fanka, babu tsohon akwatin da jikoki ke taruwa gabansa. Kaɗan-kaɗan ya mayar da ƙofofi da gadaje. Ɗansa da ke aiki a Jidda ya aiko da farantin hasken rana da batir, sannan ya ce ya tara abin da zai sayi talabijin ya turo ta jirgin ruwan da ke zuwa Sawakin. Kuɗin nan gumin watanni ne, kuma in an yi kuskure ba za a sake tara irinsu da wuri ba. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, a cikin 2024 kuwa ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage.

Akwatunan da ɗan nasa ya gani a shago duka inci 55 ne, wato faɗinsu ya ɗan haura mita ɗaya da santimita 20, kuma duka an rubuta musu 4K. Na farko na kamfanin Hisense ne, daga jerin da ake kira U7, mai fitilun baya ƙanana da yawa waɗanda aka rubuta wa mini-LED, kuma yana iya sabunta hoto sau 120 ko fiye a daƙiƙa guda. Na biyu na kamfanin LG ne, daga jerin UR, mai fitilun baya na yau da kullum, yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma ya fi na farko araha da rata mai kauri. Matasan gida sun riga sun yanke hukunci: na farko suke so, domin sun ji an ce shi ne na wasan kwamfuta. Gwaggo, uwargidan Baffa, ta ce ita dai a kawo wanda za ta riƙa ganin fuskar mai magana daga inda take zama. Baffa ya ce da ni, "Ɗana, kai ne ka yi boko, raba mana gardamar nan."

Na ce masa, "Baffa, ku ba ni amsar tambayoyi huɗu tukuna. Me za a kalla? A ina za a zauna? Wace wuta ce za ta kunna shi? Idan ya lalace wa zai gyara?" Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga amsoshinsa ya fito.

Mu fara da abin kallo. Gidan Baffa, kamar yawancin gidajen Sudan, da dish suke kamo tashoshi daga taurarin Nilesat da Arabsat: labarai, da tashoshin Makka da Madina, da ƙwallo, da shirye-shiryen azumi. Finafinan Hausa kuwa, irin su Labarina da Daɗin Kowa, a waya ake sauke su ko a kwafe su a filash a kasuwa. Allon 4K yana da ɗigon hoto 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, wato sama da miliyan 8. Tashar tauraro ta tsohon tsari kuwa ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye take aikowa, kashi ɗaya cikin 20 ke nan na abin da allon zai iya nunawa. Sauran kashi 19 akwatin ne ke cike su da ƙiyasinsa. Tashoshin da suka fi kyau ma yawanci a 1,920 da 1,080 suke tsayawa. Ainihin hoton 4K galibi sai ta intanet mai ƙarfi, kuma yana iya cinye wajen gigabait 7 a awa guda. Mutanen da suka sha katsewar layukan waya a Fabrairun 2024, har suka koma biyan kuɗin awa a wuraren masu Starlink don su gaisa da ƴan'uwa, ba za su zubar da gigabait 7 kan fim ɗaya ba. Saboda haka a wannan fanni babu wanda ya fi wani a cikin akwatunan biyu ta fuskar yawan ɗigo. Abin da na ce ɗan nasa ya yi shi ne ya tafi shagon da filash ɗauke da irin fim ɗin da ake kallo a gida, ya sa a kunna masa a duka biyun. Hoton da ƴan shago ke nunawa an shirya shi ne musamman don ya burge mai saye. Gani ya kori ji.

Sai batun wasa, wanda shi ne hujjar matasa. Na tambaya wace na'ura ce da su, aka ce PlayStation 4 ce ta hannu, wadda yayansu ya yi alkawarin haɗowa da akwatin. To ga gaskiyar magana: PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, ba ta aiko da hoto fiye da sau 60 a daƙiƙa. Ko ka haɗa ta da akwatin da ke iya sau 120, sau 60 ɗin nan za ta ba shi. Sai PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, ita ce ke iya kaiwa 120, shi ma a wasu wasanni kawai. Wasan ƙwallon da yaranmu suka fi so, wanda aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023, yana tafiya lafiya a kan sau 60. Abin da mai wasa ya fi ji a hannunsa shi ne jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa a allo, kuma duka akwatunan biyu suna da wani saiti na musamman don wasa, wanda in an kunna shi jinkirin yakan ragu har ba a lura da shi. Ƙwallon gaske ma da ake nunowa ta tauraro a yankinmu da nasu sau 50 a daƙiƙa take zuwa. Ranar da Hilal ko Merrikh ke wasa, ko ƙungiyar ƙasar Sudan da ta samu gurbi a gasar cin kofin Afirka ta 2025 a Maroko, akwati mai sau 60 zai nuna musu kowace ƙwallo.

Tambaya ta biyu ita ce ta wurin zama, kuma a nan ne maganar Gwaggo ta fi ta kowa nauyi. Masu ƙera allo suna da manyan hanyoyi biyu. Akwai wanda ake rubuta wa VA: baƙinsa baƙi ne wuluk, launinsa na da zurfi, amma sai ka zauna daidai gabansa. Da ka karkata gefe, launin ya fara kodewa, fuskoki su yi fari-fari. Akwai kuma wanda ake rubuta wa IPS: baƙinsa yakan yi toka-toka a cikin duhu, amma na gefe da na tsakiya kusan abu ɗaya suke gani. Hisense ɗin nan mai inci 55 irin na farko ne, LG ɗin mai inci 55 irin na biyu. Ba zan ɓoye ba, in mutum biyu ne za su zauna kan kujera daidai gaban allo su kashe fitila, na Hisense ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma ya fi haske da rana. Amma gidan Baffa mutum goma sha wani abu ne. Da dare ana fito da akwatin bakin rumfar da suke kira rakuba, tsofaffi na kishingiɗe kan gadon igiya na angarib a gefe, mata na kan tabarma a ɗaya gefen, yara a ƙasa suna kallo sama, ga maƙwabtan da nasu akwatin bai dawo ba. A irin wannan zama, mutum uku ne kawai za su ci moriyar kyawun na farko, sauran su kalli kodadden hoto. A nan na ja kunnen ɗan Baffa ya duba da idonsa, domin kamfani ɗaya yakan sa allo iri daban a girma daban na jeri guda. Gwajin ba shi da wuya: ka tsaya gaban akwatin, ka yi taku huɗu zuwa gefe, ka durƙusa, ka ga ko fuskar da ke allo ta canza launi.

Tambaya ta uku ta wuta ce. Abin mamaki, mutanen nan suna zaune kusa da kogin da ke da madatsun ruwa biyu masu ba da lantarki, ta Sennar da ta Roseires da aka gama a 1966, amma da yawa daga unguwannin ƴan ƙwadagon gona da ake kira kanabi ba a taɓa kai musu waya ba. Inda aka kai ma yaƙi ya lalata turaku da taransifoma, kuma hare-haren jirage marasa matuƙi a kan madatsar Merowe a 2025 sun jefa jihohi da dama cikin duhu. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Najeriya a Agustan 2023, ba a mayar ba sai Maris ɗin 2024. Saboda haka lissafin gidan Baffa lissafin batir ne.

Ga yadda na buga masa shi. Batirinsa mai bolt 12 ne da amfiya 200, wato idan ya cika yana riƙe da wutar da ta kai wat 2,400 na awa guda. Irin wannan batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200. Inbata ma tana cin nata kaso, sai mu ce abin da ke hannu 1,000 ne. Akwati mai inci 55 a kallon yau da kullum yana cin tsakanin wat 70 da 100, kuma a wannan mataki akwatunan biyu ba su da wata rata mai yawa. Ratar tana bayyana ne in an ƙure hasken na mini-LED, inda zai iya haura 150. Ma'ana, hasken da ake biyan ƙarin kuɗi dominsa shi ne batirin ba zai iya ɗauka ba. Idan akwati da risiba suka ci wat 100 tare, batirin zai kai awa 10. Ƙara PlayStation 4, wadda ke cin tsakanin 80 da 140 gwargwadon ƙirarta, awannin su koma wajen 5. Da PlayStation 5 ce, mai cin kusan 200, da ƙyar su wuce 3. Duk wannan ba a sa fanka ba, wadda ita kaɗai takan ci wat 60 zuwa 70, ga fitilu, ga cajin waya. A watannin Afrilu da Mayu zafin Jazira yana haura digiri 40. Na ce da Baffa, duk awa ɗaya da yara suka yi suna wasa da dare, an cire ta ne daga awannin fankar ɗakin Gwaggo. Da ya ji haka sai ya yi shiru, can ya ce, "Wannan lissafin ba su kawo mini shi ba."

Tambaya ta huɗu ta gyara ce, kuma ita ce masu saye suka fi mantawa. Abin da ya fi mutuwa a akwatunan zamani shi ne fitilun baya da allon da ke karɓar wuta. Fitilun akwati na yau da kullum jere suke a kan ƴan sanduna kaɗan, kuma mai gyara a kasuwa yana iya cire su ya sa wasu. Na mini-LED fitilunsa sun fi yawa ƙwarai, an kasa su shiyya-shiyya da na'urar da ke sarrafa su, kayan gyaransu sun fi tsada, samun su kuma ya fi wuya. Garantin da aka bayar a shagon Jidda galibi a ƙasar da aka saya yake aiki, don haka na ce a tambaya a rubuce kafin a biya. Sannan ga hanya: daga Sawakin zuwa Wad Madani ta Kasala da Gadarif kusan kilomita 1,000 ne a bayan mota. Akwatin ya zauna a kwalinsa na asali, a tsaye, kada a kwantar da shi, kada a ɗora masa kaya. Allon da ya tsage ba shi da magani, kuɗin canza shi ya kusa kuɗin sabo.

Da muka tattara amsoshin nan huɗu, shawarar da na ba Baffa ita ce ya ɗauki na biyu, mai arahar. Na san Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma suna kuma cewa daidai ruwa daidai tsaki. Ratar kuɗin da ta rage na ce a kashe ta kan abu uku. Na farko sitabilaiza, domin ranar da wutar gwamnati ta dawo takan dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Na biyu ƙarin batir ko ƙarin farantin hasken rana, wanda amfaninsa zai kai ga fanka da fitila, ya wuce akwatin kaɗai. Na uku mayafi mai kauri da za a riƙa rufe akwatin idan an kashe shi, saboda guguwar ƙurar nan da suke kira habub, wadda ke shiga ta kowace kafa. Na kuma tuna masa cewa da damina, in hadari ya taso, a zare wayar dish da ta wuta gaba ɗaya, domin tsawa takan bi ta waya ta shigo.

Kada mai karatu ya ɗauka na ce na farko ba shi da kyau. Wanda ke birni, wutarsa tsayayya ce, iyalinsa kaɗan ne, ɗakinsa na da kujeru a gaban allo, kuma yana da PlayStation 5 ko kwamfutar wasa mai ƙarfi, to na Hisense ne ya dace da shi, kuma zai ga inda kuɗinsa suka tafi. Wanda kuma batirinsa bai kai na Baffa ba, gara ya sauka zuwa inci 43, wanda ke cin wuta ƙasa da haka sosai, kuma ya ishi ɗaki madaidaici. Ku ɗauki tambayoyin nan huɗu ku tafi da su kasuwa, ku amsa su da halin gidanku kafin mai shago ya fara nasa bayani.

Saura matasan da aka hana abin da suke so. Na yi magana da babbansu ta waya, na ce masa, "Ƙanena, ba a ƙwace maka komai ba. Na'urarka sau 60 take bayarwa, akwatin nan sau 60 yake karɓa, kun dace." Ya yi dariya ya ce ya ji, amma wata rana zai sayi PlayStation 5. Na ce Allah ya hore, ranar sai ya haɗo da batirinta. Baffa kuwa ya kafa dokar da na ga ta cancanci a kwaikwaya. Wasa sai da rana, bayan an taso daga makaranta, lokacin da farantin ke samun hasken rana kai tsaye kuma batir bai shiga ciki ba. Da an kira Magariba a kashe komai. Bayan Isha akwatin na gida ne gaba ɗaya, a kalli abin da kaka da jika za su iya kallo tare ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba. Rimot kuma a hannun Gwaggo yake kwana.

Akwatin ya iso lafiya bayan makonni a hanya. A saƙon da Baffa ya aiko mini na ƙarshe ina jin hayaniyar yara a bayansa, yana cewa daren farko sai da maƙwabta suka cika tsakar gida har bakin zaure, Gwaggo na dafa musu gahawa a jabana, kuma daga kan gadonta na gefe tana ganin fuskar mai karanta labarai sarai. Ya ce in gaishe da dangi na Maraɗi da Katsina, waɗanda ya sani da suna bai taɓa gani ba. Ga gaisuwar na isar.

Allah ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya sa albarka a cikin abin da muke kawowa gidajenmu. Mai tambaya ko ƙarin bayani yana iya aiko da wasiƙarsa ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.